Mbah Tukijan Yana Bakin Ƙofa

Asabar, 1 ga Fabrairu, ƙarfe biyar na yamma

Mun dawo daga gidan tsofaffi ruwa yana dukanmu. Ɗalibaina shida duk sun zo, ba wadda ta makara. Wata huɗu ke nan muna zuwa duk Asabar, kuma yau na ga abin da na daɗe ina so in gani: sun daina tsayawa a tsakar gida kamar baƙi, kowace ta san tsohonta, tana shiga sai ta nufe shi. Har na ji kamar in tafa musu.

Kinanti ce ta fi ba ni sha'awa. Shekararta sha shida, a aji sai na roƙe ta kafin ta ɗaga murya, amma wurin Mbah Tukijan, wato Kaka Tukijan, har dariya take yi. Shi kuwa ya haura tamanin. Shekara arba'in ya yi yana tuƙa keken ɗaukar fasinja a kasuwar garin Magelang, shekara huɗu yana gidan nan, kuma ba a taɓa rubuta sunan wani a littafin baƙi saboda shi ba.

Tana yanke masa farce na zo wucewa, sai na ji ya ce, "Nduk, 'yata, yau nawa ga Sha'aban?"

"Biyu, Mbah."

"To saura wata guda azumi. Kowa zai je ya share kaburburan danginsa, ya zuba fure. Ni shekara huɗu ban leƙa kabarin matata ba. Yanzu ciyawa ta kai gwiwa." Ya matso kusa da ita. "Za ki kai ni? Ba nisa. Mota biyu ce kawai."

Kinanti ta sunkuyar da kai ta ce, "To, Mbah."

Ya waiwayo ya dube ni, ya kira ni da Bu, yadda ake girmama mace. "Kin dai ji, Bu Wening?"

Na yi murmushi, na ɗan rusuna, na wuce.

A mota na so in yi mata magana, sai na fasa. Me zan ce ta yi ba daidai ba? Haka aka rene ta, haka aka rene ni. Yaro ba ya kallon mai furfura ya ce masa a'a. Kafin Asabar ya manta.

Asabar, 8 ga Fabrairu, ƙarfe huɗu da rabi na yamma

Bai manta ba.

A kan bencin bakin ƙofa muka same shi, da rigar batik mai zane-zane an goge ta, da baƙar hula, da leda a cinya. Cikin ledar akwai ɗan lauje da ya aro wurin mai gyaran lambu, da fure a naɗe cikin ganyen ayaba. An ce tun bayan sallar asuba yake wurin.

Mbah Ngatina, tsohuwar da bakinta ba ya hutawa, tana baranda tana leƙensa. Tana ganinmu ta ɗaga murya: "Ango, ga 'yan ɗaukarka sun iso! Ka dai wanke baki ko?"

"Ke dai zauna nan da baƙin ciki," in ji shi. "Mijinki ko a kabari ya ji tafiyarki sai ya juya baya."

Yara suka yi ta dariya. Kinanti ba ta yi ba.

Bu Endang, mai kula da gidan, ta ja ni ofis ta rufe ƙofa. Ta ce ba wanda yake fita daga gidan nan sai wanda ya kawo shi ya sa hannu. Ɗansa ne ya kawo shi, Pak Gunadi, wato Malam Gunadi, yana aiki can tsibirin Kalimantan. Ta kira shi sau biyu cikin makon nan, bai ɗauka ba.

Na ce, "To me kika gaya wa Mbah?"

"Na ce sai mako mai zuwa."

Da na fito ya miƙe tsaye yana gyara hula. Na ce masa takarda ce ba ta kammala ba, sai mako mai zuwa. Ya dubi Kinanti. Ta kama hannunsa ta kai goshinta, ta ce, "Mako mai zuwa, Mbah."

Ya ce ba komai, ai furen zai kai.

Litinin, 10 ga Fabrairu, lokacin tara

Kinanti ba ta ɗaga hannu ko sau ɗaya ba. Tambayoyin kuwa duk ta san su.

Talata, 11 ga Fabrairu, ƙarfe uku na rana

Ba hanyata ba ce, amma na bi ta can da babur. Yana bakin ƙofa. Ban tsaya ba. Da hular kwano a kaina, ba na jin ya gane ni.

Alhamis, 13 ga Fabrairu, bayan la'asar

Bu Endang ta kira. Ashe ba Asabar kaɗai ba ce, kullum ne. Ya ce wa ya sani ko takardar ta fito ranar Laraba, yarinya ta zo ta tarar ba ya wurin ta koma. Ba ya shiga ɗakin cin abinci. Idan an kai masa nan, sai ya kurɓi shayi, ya ture shinkafar. Wai mota tana tayar masa da zuciya in cikinsa a cike yake, kuma ba zai yi amai a gaban 'yar mutane ba. Sai magariba, in ya tabbata yau ba tafiya, yake cin loma biyu uku.

Ga shi da ciwon sukari. Maganinsa ba a shan sa da yunwa.

Na ce, "Bu, ba gara a gaya masa ba?"

Ta ce, "Gaskiya ne, Bu. Gara a gaya masa."

Kowaccenmu ta jira ɗaya ta ce ni ce zan gaya masa. Daga nan muka koma zancen ruwan sama.

Asabar, 15 ga Fabrairu, ƙarfe shida na yamma

Furen farko ya bushe, ya sayi sabo wurin mai tallar da take wucewa. Wuyan rigar ya yi masa yawa yanzu. Makon jiya daidai yake.

Mbah Ngatina ta daina tsokanarsa. Wannan ya fi komai tayar min da hankali. Da na je gaishe ta sai ta riƙe min hannu ta ce, "Malamar makaranta, ke da kike koya wa yara magana, taki ina ta shiga?"

Na yi dariya kamar wasa take yi.

Mako mai zuwa. Ni na faɗa, da bakina, karo na biyu.

A mota Kinanti ta zauna kusa da ni, ta jira sauran suka shiga hira, sannan ta ce ƙasa-ƙasa, "Bu, da me ya kamata in ce masa ranar?"

Na yi mata bayani mai tsawo a kan ladabi da kyakkyawar niyya da cewa manya suna nan suna ƙoƙari. Na iya irin wannan bayanin, shekara goma sha tara ina yin sa. Ta saurara har ƙarshe, ta ce, "To, Bu." Irin amsar da ta ba shi ce. Sai a lokacin na ji yadda take a kunnen wanda aka faɗa wa.

Wani abu kuma. Da Bu Endang ta tafi sallar azahar ta bar ni ni kaɗai a ofis. Fayil ɗin Mbah Tukijan yana kan tebur. Iyakar abin da zan rubuta ke nan.

Lahadi, 16 ga Fabrairu, da hantsi

Na kira lambar Pak Gunadi sau bakwai. Kiran yana shiga, ba a ɗauka.

Litinin, 17 ga Fabrairu, ƙarfe biyu na rana

Sau huɗu. Na aika saƙo, na nuna ko ni wace ce, da duk ladabin da na sani. An karanta.

Saura kwana goma sha biyu azumi.

Talata, 18 ga Fabrairu, bayan magariba

Ya ɗauka.

Muryarsa ba ta mugun mutum ba ce. Da ta kasance haka da ya fi min sauƙi. Ya gaishe ni, ya bar ni na gama maganata tsaf, sannan ya ce, "Bu, wa ya ba ki lambata?"

Na ce ina neman afuwa.

"Ina biyan duk abin da gidan yake bukata. In magani ne a saya masa. In riga ce a ɗinka masa. Amma kada a kai shi wurin mahaifiyata. Shi ya san dalili."

Na ce, "Pak, ya tsufa fa."

Ya ce, "Ita ba ta samu ta tsufa ba."

Ya yi min sallama yadda ya kamata kafin ya kashe.

Na daɗe a zaune da wayar a hannu. Wata huɗu ina kallon tsohon nan yana koya wa Kinanti yadda ake gane mangwaro mai zaƙi daga ƙamshi. Ban san komai a kansa ba. Ba kuma na so in sani. Ko ina so? Ban sani ba.

Laraba, 19 ga Fabrairu, ƙarfe ɗaya na rana

Shugaban makaranta ya kira ni ofis. Pak Gunadi ya kira gidan tsofaffi, gidan ya kira makaranta. Ya ba ni kujera, ya sa aka kawo min shayi, ya yabi aikina na shekaru, sannan ya ce ziyarar Asabar za ta ɗan huta bayan ta wannan makon, har a duba. Ban tambayi wa zai duba ba.

Na kira Bu Endang in ba ta haƙuri. Ta ce ba komai, Bu, ba komai sam. Sau uku ta faɗa. Da ta zage ni da na fi samun barci.

Tsofaffi goma sha ɗaya ne suke jiran yaran nan duk Asabar. Ban yi tunaninsu ba lokacin da na buɗe fayil ɗin.

Alhamis, 20 ga Fabrairu, ƙarfe biyar na yamma

Ya faɗo daga kan bencin wajen sha ɗaya na safe. Nas ta zo ta yi masa ƙarin ruwa. Goshinsa ya ɗan fashe, ba a yi ɗinki ba. Da ya farfaɗo abin da ya fara tambaya shi ne ledarsa.

Ban gaya wa Kinanti ba.

Juma'a, 21 ga Fabrairu, da safe

Yana bakin ƙofa. Da filasta a goshi.

Juma'a, bayan la'asar

Na zauna na rubuta abin da zan faɗa masa gobe, kamar yadda nake tsara darasi: gabatarwa, gundarin magana, rufewa. Na karanta wa madubi. Gabatarwar ta ci shafi guda. Gundarin maganar layi ɗaya ne, kuma ko a gaban madubi muryata sauka take yi in na zo wurin.

Asabar, 22 ga Fabrairu, ƙarfe huɗu na yamma

Na zauna kusa da shi, ƙasa da shi kaɗan. Na tambayi jikinsa. Na yi maganar damina, da yadda hanyar ƙauyuka ta lalace, da cewa hawan dutse a irin wannan lokaci ba sauƙi. Ya yi ta gyaɗa kai.

Ya ce, "Hanya ba ta ba ni tsoro, Bu. Na taɓa hawa da buhun shinkafa uku da mai shinkafar a kai."

Na ce muna nan muna ƙoƙari.

Kinanti tana tsaye a bayansa, ta ga filastar, ta gan ni. Ba ta zauna kusa da ni a mota ba.

Ba zan ƙara rubutu yau ba.

Litinin, 24 ga Fabrairu, bayan an tashi

Ta jira aji ya watse, ta zo ta tsaya a gaban teburina, hannuwa a haɗe.

"Bu, ki yi haƙuri. Gobe zan je in gaya masa. Ni na yi alkawarin."

"Me za ki ce masa?"

"Ban sani ba. Amma tun Asabar ba na iya cin abinci, mahaifiyata har ta fara tambaya ko saurayi na yi."

Ashe ta ji labarin faɗuwar, wurin Mbah Ngatina. Na dubi yarinyar nan, 'yar shekara sha shida, tana shirin ɗaukar abin da mu manya muka yi ta miƙa wa juna. Na ce mata alkawarin ba nata ba ne ita kaɗai, ina wurin, ya tambaye ni, na rusuna. Na ce ni zan faɗa, ita ta tsaya kusa da ni kawai, don kada in gudu.

Ta ɗan yi murmushi. "In kika fara zancen damina zan taka miki ƙafa, Bu."

Saura kwana biyar.

Talata, 25 ga Fabrairu, ƙarfe takwas na dare

Bari in rubuta tun ban gyara labarin a kaina ba.

Yana ganinmu ranar da ba Asabar ba, ya miƙe, ya ɗauki leda. Na ce ya zauna. Na durƙusa a gabansa, Kinanti ta durƙusa a gefena. Ban yi gabatarwa ba, don na san in na fara ba zan iso ba.

"Mbah, ba za mu kai ka ba. Ba wannan makon ba, ba mai zuwa ba. Na yi magana da Pak Gunadi, ya ce a'a. Tun ranar farko ya kamata in gaya maka ba a hannunmu yake ba. Ka yafe min."

Tun da aka haife ni ban taɓa yi wa babba magana haka ba. Na ji kamar na ɗaga hannu na mare shi.

Ya daɗe yana kallon titi. Wani mai sayar da miya ya wuce yana buga kwanonsa. Sai ya ce, "Ya ɗauka?"

"Ya ɗauka, Mbah."

"Kin ji muryarsa da kunnenki? Ba ya tari? Yana yaro damina ba ta barin ƙirjinsa."

"Ban ji tari ba."

"To madalla."

Kinanti ta fashe da kuka, ta kifa goshi a gwiwarsa tana neman gafara. Ya dafa kanta. "Haba, Nduk. Ai na san ba zai sa hannu ba."

Na ce, "Ka sani, Mbah? To zaman nan fa?"

"Bu Endang ta ce mako mai zuwa. Ke malama kin ce mako mai zuwa. Yarinya ta ce mako mai zuwa. Ni direban keke, in koma ciki in cire riga, ai na ce muku maƙaryata ke nan." Ya shafa hularsa. "Kuma na ce wa ya sani."

Bai tambayi me ɗan ya ce ba. Ni ma ban tambaye shi komai ba.

Daga baya ya miƙa wa Kinanti ledar, ya yi mana kwatance: a sauka a kasuwar ƙauye, a bi hanyar masallaci, kabari na uku daga bishiyar da ke kusa da katanga. Sunanta Sumira. Ya ce a cire ciyawar da hannu kusa da dutsen da aka kafa wajen kai, kada a sa lauje wurin.

Bu Endang ta ce da magariba ya ci rabin faranti. Bai cire rigar ba tukuna. Ya ce sai mun dawo.

Alhamis, 27 ga Fabrairu, bayan magariba

Mun je bayan an tashi daga makaranta, a babur ɗina, da izinin mahaifiyarta. Maƙabartar cike take da mutane, kowa da tsintsiya da kwandon fure, yara suna guje-guje tsakanin kaburbura.

Mun samu na uku daga bishiya. Ba ciyawa ko ɗaya. An share, an wanke dutsen, an zuba fure mai yawa, bai ma gama yaushi ba.

Mai gadin maƙabartar ya ce, "Na Bu Sumira? Ai ɗanta ya zo jiya. Duk shekara sai ya zo, daga filin jirgi kai tsaye. Yakan kwana biyu wurin dangin uwar sannan ya koma."

Muka zuba namu a gefe, muka yi addu'a. Laujen bai fito daga leda ba.

A hanya ruwa ya tsare mu a wata rumfa. Kinanti ta ce, "Bu, mu ce masa mun tarar da ciyawa har gwiwa, mun share. Zai ji daɗi. In ya ji ɗansa yana nan kusa bai zo ba..."

Ba ta ƙarasa ba. Ni ma abin da nake ta saƙawa ke nan tun daga maƙabartar. Ƙarya ce mai taushi, ba wanda zai taɓa ganewa.

Na ce mata mu kwana da shi.

Juma'a, 28 ga Fabrairu, ƙarfe biyar na yamma

Gobe azumi.

Yana kan benci. Kinanti ta miƙa masa ledar da hannu biyu. Ya buɗe, ya fito da laujen, ya juya shi, ya shafa bakinsa da babban yatsa. Ba ƙasa, ba ɗanyen ganye. Ya ɗago ya dube mu.

"Ciyawar da yawa?"

Kinanti ta dube ni. Na ji tsohuwar amsar ta taso min har maƙogwaro, a shirye, mai daɗi.

Na ce, "Babu ciyawa, Mbah. An riga mu. Pak Gunadi ya je shekaranjiya. Mai gadi ya ce duk shekara yana zuwa."

Bai motsa ba. Mbah Ngatina tana baranda, ita ma ta daina fifita.

"Duk shekara," in ji shi.

"Haka aka ce."

"Daga can zuwa nan, a babur, awa ɗaya ne. In ba ruwa." Ba mu ya gaya wa ba. Mutumin da ya yi shekara arba'in yana auna hanya da ƙafarsa ba ya bukatar a tabbatar masa.

Can ya ce wa Kinanti, "Nduk, bayan dutsen kai, wurin da yake matse da katanga. Ya share nan?"

"Ya share, Mbah. Tas."

"Kin duba da idonki?"

"Na duba. Har gansakukar ya kankare."

Ya gyaɗa kai a hankali. "Nan yake tsallakewa da, in mun je shara tare. Kullum sai na mayar da shi."

Ya cire hular ya ɗora a gwiwa. Ya ɓalle maɓallin wuyan rigar, yatsunsa suna ta kuskurewa, Kinanti ta kai hannu, ya ce ta bari. Da ya gama ya dafa kafaɗarta ya miƙe.

Mbah Ngatina ta ce, "Ango, an fasa bikin ne?"

"An yi ba da ni ba," in ji shi. "Me aka dafa?"

"Shinkafa da tempe, wainar nan ta waken suya. Kai da ka yi azuminka tun ba a ga wata ba, sai ka ci na mutum biyu."

Muka raka shi har ɗakin cin abinci. Bu Endang da kanta ta zuba masa, sannan ta turo min kujera. Akwai wurare da yawa babu kowa. Ya wuce su duka, ya je ya zauna a wanda yake kallon ƙofar waje, ya ja farantin gabansa, ya fara ci.